Birkin Salansa da Bakina Ya Tsinke

Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana da aka aurar Bakura. Kowa ya san tsakanin taubasai, ba'a ce gaisuwa, tsokana ce zumunci. Tun muna yara yake kirana mai warin tumbi saboda ni mahauci ne a Talata Mafara, ni kuma in ce masa bawan shanu, don shi ke ɗauko mana su daga ƙauyuka. Yau shekara uku ke nan bai tsokane ni ba, kuma ni na jawo wa kaina.

Tsohuwar a-kori-kurarsa ta gaji, ya sayar, ya haɗa da gonar da ya gada ya sayo wata babba mai shan gas. Otomatik ce, ba kuloci, ita ke sauya giya da kanta. Ranar da ya kawo ta mahauta ya zaunar da ni gaba yana ta bayani kamar malamin makaranta. Ya ce a tsohuwar, in ya zo gangara da kaya, giya yake ragewa injin ya riƙe motar. Wannan kuwa in ka bar ta sai ta saki jiki ta yi ta gudu, kai kuma ka yi ta taka birki har ya yi zafi ya daina ci. Sai ya nuna mini wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari.

"Wanga shi ne birkin salansa," in ji shi. "Ka danna shi, ka ja sandar giya ƙasa, sai ya toshe hayaƙi, injin ya riƙe ta. Kai dai mi ka sani ban da wuƙa?"

Abin yana da ƙara. In ya danna sai motar ta yi wani burrr mai tsawo, tun daga nesa ake ji. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, abin da ya zo shi nake faɗi. Ranar wata Talata, kasuwa ta cika, ya shigo da bijimai yana wannan burrr, na ɗaga murya na ce, "Jama'a ku toshe hanci, motar bawan shanu ta ci wake!" Mahauta suka kwashe da dariya, har wani ya yar da wuƙarsa. Shi ma ya yi dariya, ya ce gara tusar mota da warin jikina.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Amma magana zarar bunu ce. Kafin wata guda, daga Mafara har Maradun, ba mai kiranta sai mai tusa. Masu babur su yi masa burrr da baki in ya wuce. Aka je ɗaurin auren 'yarsa, surukansa na zaune, wani marar ta ido ya tambaye shi lafiyar cikin motar. Ni kuma kullum ina ƙara wa wutar kara, wallahi ina jin daɗin abin, don tun da muke ban taɓa cin galaba a kansa haka ba.

Wata rana ya shigo shiru, ba burrr. Na ce, "A'a, an ba ta kanwa ne?" Ya ce ya sa bakanike ya tsinke wayar maɓallin, don hannunsa ya saba, ko bai yi niyya ba sai ya danna. Ya ce bakaniken ya yi ta ba shi baki, ya ƙi ji. Na san abin da ya gaya mini ranar farko, ban manta ba. Kalma ɗaya ta isa in ce masa ya mayar. Maimakon haka na ce, "To yanzu ta zama mutuniyar kirki."

Da damina ne. Ya ɗauko manyan bijimai uku daga wajen Faru da hantsi, kuma hanyar nan yanzu ba mai son daɗewa a kanta, kowa sauri yake ya fita daga dajin. Akwai wata doguwar gangara da ke ƙarewa a kwalbati. Ya yi ta taka birki har ya ji ƙauri, daga nan ƙafarsa ta tafi ƙasa ba abin da ya riƙe. Motar ta daki bakin kwalbatin ta kife cikin rafi. Manoma suka yanka bijimai biyu kafin su mutu, shi kuma suka zaro shi, bayansa ya karye.

Na same shi a asibiti, na durƙusa bakin gadon. Ya dube ni ya ce, "Sau uku na danna shi." Na ce ya yafe mini, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Haba Malam, ƙaddara ce, ba ruwanka." Malam! Mutumin da ko ranar aurena mai warin tumbi ya kira ni.

Duk Juma'a nakan hau motar Bakura in kai masa nama, gefen da yake so, mai ɗan kitse. Nakan tarar an fito da shi zaure a kan tabarma, an tokare shi da matasai. Sai ya shiga gaishe ni: ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa, yaya ruwa, Allah ya saka da alheri. Gaisuwa mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙon da ake jin nauyinsa. Na taɓa zuwa da rigar mahauta da gangan, duk jini da ƙarni, na zauna dab da hancinsa ko zai ce wani abu. Ya ce sannu da aiki.

Makon da ya wuce muna zaune, wata babbar mota ta rage gudu a kan titi, ta yi burrr ɗin nan har zauren ya amsa. Na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya saurara har ƙarar ta ɓace, hannunsa na dama yana motsi a kan tabarma.

"Wanga direba ba ya da taubashi," in ji shi.

Na ɗago da sauri ina neman dariya a fuskarsa, don da tsokana ce da na yi sadaka ranar. Babu. Titi kawai yake kallo.