Akuyar Kawu Bitrus

Ku da kuka san Kawu Bitrus kun san ba ya fita garin Konni sai ya nemi gafarar unguwa kaf. Ko Malbaza za shi, nan kusa, sai ya bi gida-gida da hula a hannu, ido ya yi rau-rau, yana cewa, "Jama'a, mu yahi juna, ni dai ban ga alamar dawowa ba." Ya nemi gafarar mai shayi, ya nemi ta mai faci, har da matar nan mai ƙosai da tsakaninsu bai wuce ina kwana ba. In ya gama sai ya kwance akuyarsa, ya ja ta har rumfar maƙwabcinmu Illa mahauci, ya damƙa masa igiya.

"Illa, in ban dawo ba, akwiya taka ta."

"Bitrus, duk garin ga ka rasa wanda za ka ba ajiyar akwiya sai mahauci?"

"Ai don na san hannunka ba za ta daɗe tana maraici ba."

Da la'asar kuma sai ga shi ya dawo lafiya lau, ya karɓi abarsa, har yana shafa cikinta ya ji ko ta rame. Akuyoyi sun tsufa sun mutu a wannan wasiyya, 'ya'yansu sun gada, Illa bai taɓa samun ko kofato ba.

Yayan mahaifiyata ne, shi ne kuma katekis, wato malamin addini, na ɗan cocinmu tun kafin a haife ni. Ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba, kuma ban faɗa don raini ba, shi da kansa yake gabatar da kansa haka. Tsoron kare, tsoron tsawa, tsoron allura, tsoron duk wani mai kaki ko da mai gadin lakwal ne, wato makarantar boko. Amma kusan kowace Lahadi, in an tashi daga sujada, sai ya nufi wani ƙauye can bayan Bazaga inda akwai 'yan gidajen Kirista da Fada, limamin cocinmu, ba ya samun zuwa sai jefi-jefi. Shi ke karanta musu Littafi, ya koya wa yara addu'a, ya kai wa tsofaffi jibi mai tsarki, gurasar nan da ake karɓa a coci. Ni kuwa, Daniyel, tun da na iya tuƙa moto, wato babur, aka ɗora mini ɗaukarsa, kuma Allah ya sani na sha wuya.

Da farko dai hular kwano ɗaya ce a gidan, shi ke sa ta, a kan hularsa ta saƙa. Ni direba kaina a waje. Sannan ya riƙe ƙuguna kamar zai raba ni biyu, carbi yana ƙaras-ƙaras a cikina. Da na ɗan murɗa sai in ji ihu a kunne:

"Daniyel! Uwakka ɗa guda gare ta!"

"Kawu, jaki hwa yanzu ya wuce mu."

"Bar shi shi wuce, shi ba ya da iyali."

Duk kwarin da muka tarar, ko ba ɗigon ruwa a ciki, sai ya sauka ya ƙetare da ƙafa, wai ruwa ba ya sallama. Wata rana muka iso shingen jandarma. Tun kafin a ce mana uffan Kawu ya diro, ya cire hular kwano, ya cire ta saƙa, ya fara bayani: sunansa, sunan ubansa, inda za mu, abin da ke cikin jaka, har da cewa fitilar baya takan yi gardama. Ni ina ta taka masa ƙafa. Jandarman ya tsaya yana kallonsa har ya kai aya, sannan ya ce, "Tsoho, duk na ji. Tambaya guda gare ni. Ka kai ma Illa akwiya?" Ashe labarin ya riga mu zuwa shinge. Muka wuce, Kawu yana bayana yana huci, sai can ya ce, "Ka gani? Sun san komi. Sun san har akwiyata."

Kun tuna lokacin da Fada ya tara mu matasa, ya ce bangaskiya ba kayan ajiya ba ce, mu ma an kira mu mu fita mu shaida ta? Jininmu ya tafasa. Wasunmu har suka aro lasifika, wai ranar kasuwar Badaguishiri za a kafa ta a yi wa'azi. Kawu ya ji. Bai ce kada a je ba. Sai dai da safiyar tafiya aka nemi batirin lasifika sama da ƙasa aka rasa, shi kuma yana zaune a kan wani kwali a bakin coci, ya ƙi tashi, wai bayansa ya riƙe. Sai da motar kasuwa ta tafi bayan ya sake.

Na yi fushi ranar, na ce masa tsoro ne kawai.

"Tsoro na mana," in ji shi. "Amma ka ji. Mutanen ga maƙwabtanmu na, ba kurame ba. Ka tahi sunansu, ka tahi zaman makokinsu, ka kama masu aiki. Randa sunka tambaye ka, ka hwaɗi gaskiya, kar ka rage komi."

"In ba su tambaya ba hwa?"

"Za su tambaya. Shi na abin da ka hana ni kwana."

Kuma sun tambaya, a gabana. A hanyar dawowa daga ƙauye muka tsaya wurin wani mai shayi, benci cike da samari. Wani dogo a cikinsu ya hango gicciyen da ke wuyan Kawu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Tsoho, ku na masu cewa Annabi Isa ya mutu ya tashi?" Ni dai na fara auna tazarar da ke tsakanina da moto. Na dubi Kawu, kofi yana rawa a hannunsa, shayi yana zuba a riga, gwiwoyinsa suna gaisawa da juna. Na ce yau za a ji ƙarya daga bakin katekis.

Sai ya ce, da wata 'yar siririyar murya, "Mu na, ɗana. Haka munka gaskata, kuma a kai nika so in mutu." Sai ya ƙara da cewa, "Amma in bugu za ku yi, ku dakata in aje kohin ga, na mai shayi na."

Mai shayi ne ya fara fashewa da dariya, sai benci duka ya ɗauka, har shi dogon. Aka matsa masa wuri, aka sake cika masa kofi. Suka yi ta tambaya, yana amsa abin da ya sani, abin da bai sani ba ya ce sai ya tambayi Fada. Ba wanda ya canja addini a bencin nan, amma daga ranar ba mu ƙara wucewa ba sai an tsayar da mu an gaisa. Da muka hau moto na ce, "Kawu, ashe kana da zuciya!" Ya ce, "Wace zuciya? Ja mu tahi, wandona ba shi da labari mai daɗi."

Sai shekarar nan da hankali ya tashi a wasu garuruwa, muna ta jin an taɓa coci-coci. Ku manya kun fi ni tunawa. Kawu ya zaga unguwa neman gafara har ya maimaita wasu gidajen, ya kai akuya, sannan ya tafi ya zauna a ƙofar coci da mabuɗi a hannu, wai ba za a ce an zo ba a tarar da kowa ba. Can da hantsi sai ya hango Illa ya nufo shi, wuƙaƙe a hannu, yaransa biye da shi ɗauke da tebur. Kawu ya miƙe, ya jingina da ƙofa, ya rufe ido.

"Illa, har da kai?"

"Rufa mani baki! Inuwa nika nema, rumfata rana ta yi yawa."

Rumfar Illa kuwa kowa ya san a ƙarƙashin bishiyar bedi take. Nan ya kafa teburinsa a ƙofar coci, cikin rana tsaka, yana sara nama yana kallon duk mai wucewa ido cikin ido. Bai koma rumfarsa ba sai da gari ya lafa. Har Kawu ya bar duniya ba su taɓa tada zancen ba, in ban da Illa da yakan ce cinikin ƙofar coci bai da albarka.

To, mutumin da ya yi shekaru yana jiran mutuwa a hanya, a gida ta same shi. Bana, bayan girbi, ya ci tuwonsa na rana, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa a zaure, shi ke nan. Ba kwari, ba shinge, ba moto. Da labari ya kai wa Illa sai ya shigo gidan a fusace, hawaye na zuba, yana faɗa da gawa: "Bitrus! Kai da ka neman gahwarata don zuwa Malbaza, ka tashi tahiya lahira ba ka sallame ni ba?" Bayan an yi jana'iza mahaifiyata ta ce in kai masa akuyar, ai wasiyya ce. Ya kore ni da ita. Ya ce wannan karon ba a damƙa masa igiya ba, shi ba ya cin abin da ba a ba shi ba.

Yanzu ga inda muke. Fada ya ce aikin ƙauyen nan ya dawo wuyan matasa, ku kuma kuka haɗa baki kuka ce ni na san hanya. Na san ta, shi ya sa nake tsoro. Yanzu hanyar ba kamar yadda muka saba take ba, kowa yana jin abin da ake faɗa game da masu tare mutane a dajin iyaka. Mahaifiyata ta daina yi mini magana sai da ido. Kuma ba hanyar kaɗai ba, ina tsoron bencin mai shayi, ina tsoron ranar da za a jefo mini tambaya babu Kawu a gefena. Makonni na yi ina kawo dalili: yau taya, gobe ciwon kai. Sai aka aiko daga ƙauyen cewa wata tsohuwa da Kawu ke kai wa jibi tana tambaya, wai ko an manta da su ne.

Lahadin da ta wuce na sa hular kwanon, na tura moto a hankali ta bayan rumfar Illa don kada kowa ya gan ni. Ban kai kwanar layi ba na ji tsawar Illa.

"Kai, ɗan gidan Bitrus! Haka anka koya maka tahiya?"

Na dawo, na cire hula. Na ce, "Baba Illa, za ni bayan Bazaga. Mu yahi juna." Da na faɗa sai na ji ashe ba wasa ba ne, ashe haka Kawu yake ji duk shekarun nan muna yi masa dariya.

"Na yahe. Ina akwiya?"

Na koma gida na kwanto ta, na damƙa masa igiya. Ya ɗaure ta a gindin bedi, ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da aiki, bai ko dube ni ba.

"Kahin la'asar ka zo ka ɗauki abarka," in ji shi. "Ba ni da dussa. Kuma ban taɓa cin akwiyar gidanku ba, kar ka sa in hwara da tsuhwana."

Na je, na dawo, na karɓi akuya. A kowane kwari na sauka na ƙetare da ƙafa, kada wanda ya tambaye ni dalili. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan, kuma bayan moton babu kowa, ga wuri nan ga duk wanda ya ji a ransa cikinku. Hular kwano dai ɗaya ce, amma zan bar masa.

Allah ya jiƙan Kawu Bitrus, ya ba shi hutawa inda babu abin firgita. Mun yafe masa, Kawu, unguwa duka ta yafe, ko da ba ka zo ka nema ba. Mu kuma da muka rage, Ubangiji ya buɗe mana baki ranar tambaya, ko da gwiwa tana rawa. Amin.