Fuskar da Ke Ƙarƙashin Malfa

Na yi yawo a duniya gwargwadon abin da Allah ya ƙaddara mani. Na zauna Kumasi da Abijan da Dakar, na ratsa ta Hartum a hanyar hajji, har ƙasar Faransa na taka. Yawancin abin da na gani ya zube daga kaina kamar gero daga buhu mai huji. Amma akwai abu guda da ya faru a wani ɗan ɗakin zane a Gazawa, a daminar da ƙasarmu ta samu mulkin kai, wanda na tabbata da shi za a kai ni kushewa.

Ɗakin na laka ne mai rufin kwano, a bakin hanyar da kamyo-kamyo, manyan motocin ɗaukar gyaɗa, ke bi. Maigidanmu ba ya yarda a ce masa shago. Buro ne, wato ofis, in ji shi, tunda akwai tebur da kujera da kalanda. Mu uku ne a ciki. Shi Maigida Bagobiri ne daga wajen Gidan Sori, ya koyi zane a Kumasi, shi ke zana mutane da dabbobi. Akwai wani Babarbare mai sassaƙa hatimi daga tsohuwar tayar mota, shi ne kuma ke haɗa fenti. Sai ni, mai rubutu, boko da ajami, don na ɗan taɓa lakol, makarantar boko, bayan makarantar allo. Mu mutanen Gangara ne, asalinmu Fulani, amma tun zamanin kakana muka zauna muka kama noma. Saboda haka Babarbaren nan bai taɓa barina na sha ruwa lafiya ba. Kullum da safe gaisuwarsa ke nan: ina bawana, Bafillacen da ya sayar da sanda ya sayi hauya? Ni kuma in ce masa ya fara wanke hannunsa kafin ya gaida ubangidansa.

Aikinmu allunan masu kanti ne, da zanen bayan kamyo, da hatimin 'yan kasuwa. Wani direba ya zo ya ce zaki yake so, in an zana ya ce ya yi kama da kyanwar matarsa. Maigida sai ya kwashe da dariya, ya ƙara wa zakin gashi. In aiki ya yi sauƙi mu zauna muna cin goro, ƙamshin fenti da kananzir ya cika ɗakin, shi kuma yana ta tunaninsa a fili. Ya ce koren ganyen gero bayan ruwa ba ya cikin gwangwanin kowane Bature, sai dai mutum ya yi ta roƙonsa da ɗigon rawaya. Ya ce allon da aka cika da kaya kamar mutum ne mai surutu, ba a jin ko ɗaya daga maganarsa. Daga baya na ga manyan gidajen zane masu fanka da tarho, ban ji wanda ya faɗi abin da ya fi wannan ba.

Yana da doka guda da ba ya wasa da ita. In za a shafa sabon fenti a kan tsoho, sai an fara goge tsohon da yashi har ya yi kaushi. In ba haka ba, sabon zai zauna ne kamar baƙo, rana da ruwa su ɗauke shi. Mun sha faɗa a kan wannan har muka haddace.

Akwai kuma abin da ba a magana a kansa. Mahaifin Maigida ya rasu lokacin shi Maigida yana can Kumasi, labari bai iske shi ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Tsohon bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. To, mutumin da ke iya zana fuskar direban da ya gani sau ɗaya, shi ne ya kasa zana ta ubansa. Mukan gan shi ya ɗauki takarda ya fara, ya yi goshi ya yi hanci, sai ya tsaya ya duƙunƙune ta. Sau ɗaya kawai ya ce mani in ya rufe ido yana jin muryar, yana ganin rigar da tafiyar, amma wurin fuskar sai ka ce an hura hayaƙi.

Da mulkin kai ya matso, aiki ya yi mana yawa. Kowa tuta yake so, a ƙofar kanti, a goshin mota, har a kan amalanke. Fenti ruwan lemo ya ƙare a gari, Babarbare ya wuni yana haɗa auren ja da rawaya. Ana cikin haka wani saurayi ɗan lakol, wanda aka turo ya kula da ƙungiyar manoman gyaɗa, ya zo da aiki mafi girma da muka taɓa samu. Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci. Ya sa aka kawo faifan ƙarfe guda daga Maradi, tsayinsa ya fi mutum. Ya ce a zana manomi tsaye da hauya a kafaɗa, tuta a bayansa, a kafa a gaban siton ƙungiyar ranar biki, manoman ƙauyuka duka su gani.

Maigida ya kama aikin cikin gaggawa, ga shi kuma matarsa ta haihu a makon, hankalinsa rabi a gida. Ya yi jiki, ya yi hannuwa, ya yi gona. Fuskar ya yi ta ne yana hira da mu, yana ba Babarbare amsar wata tsokana, bai ko ja da baya ya duba ba. Hannunsa ya zuba tsagar Gobirawa a kumatu, daga bakin har kunne, kamar yadda yake ganin fuskokin gidansu tun yana yaro. Mu ma ba mu ga komai ba. A wurinmu fuskar dattijo ai da tsaga take. Muka jingine allon ya bushe, na yi rubutuna a ƙasa.

Ranar suna aka sa wa jaririn sunan kakansa. Gwaggon Maigida, yayar mahaifinsa, ta zo tun daga Gidan Sori, tsohuwa ƙanƙanuwa mai sanda. Bayan an watse ta ce a kai ta ta ga wurin da ɗan nan ke ɓata hannunsa da shuni. Ta shigo tana yi mana tsiya, wai maza uku sun zauna inuwa suna wasan yara ana kiransa aiki. Sai ta juya ta ga allon. Sandar ta faɗi. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa ƙarfen, ta ɗaga hannu ta shafa kumatun.

"Wanga ai ƙanena na," in ji ta. "Wa yak kawo shi nan?"

Maigida ya zo ya tsaya bayanta. Na ga lokacin da ya gani. Sai ya zauna a ƙasa, cikin babbar rigarsa ta suna, a kan ɗigon fenti. Tsohuwar tana ta nuna masa: ga girar nan da ke ɗagawa in zai yi faɗa, ga leɓen da ya gado wurin innarsu. Ni da Babarbare muka sulale waje.

Washegari Mushe ya zo duba aiki. Ya yaba ƙwarai, sannan ya tsaya yana kallon kumatun. Ya ce manoman da za su taru akwai Katsinawa, akwai Fulani, akwai Buzaye da Barebari. In aka kafa wannan a ranar farko ta ƙasa, za a ce ƙasar ta Gobirawa ce, sauran 'yan rakiya. Ya roƙa a shafe tsagar kawai, a bar fuskar sumul, ta zama ta kowa. Ba da izgili ya faɗa ba, kuma har yau ban ce ya yi kuskure ba. Na ga garuruwan da ƙaramin abu irin wannan ya hana maƙwabta gaisawa. Da aka gaya masa ko fuskar wa ce, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce da yana da wani faifan da ya bar mana wannan. Amma babu, biki kuma ya ƙarato.

Muka nemi dabara. Mai hoto yana Maradi, ruwa kuma ya yanke hanya, ko kamyo ba ya wucewa. Maigida ya zauna gaban allon da takardu yana kwafa. Duk wadda ya gama sai ya kai wa gwaggo, ta duba ta girgiza kai, ta ce wannan wani ne. Abin da hannu ya yi da kansa, ya ƙi yi da aka tsare shi. Na ce masa to ya shafe tsagar mana, ai idanu da goshi za su rage. Ya ce in aka cire tsagar, wani baƙo ne zai tsaya gaban sito da idanun ubansa, shi kuwa ba zai iya wucewa ta nan kullum ba.

Da safen da za a zo ɗaukar allon, ya ce wa Babarbare ya haɗa masa fenti ruwan kaba. Zai sa wa manomin malfa babba, ta sauko ta rufe fuskar duka, kamar mai kare rana. Babarbare ya haɗa, ya miƙo masa ƙoƙon yashi kamar kullum. Maigida ya dubi yashin, ya ture shi gefe.

"Mamaci rufe shi ake yi," ya ce. "Ba a kankare shi."

Mu da muka haddace dokarsa muka dubi juna. Gwaggo ta zauna bakin ƙofa da tasbaha. Muka tsaya bayansa, ya yi bisimilla, ya fara daga goshi yana saukowa a hankali. Idanun ya bari ƙarshe. Da ya gama ya wanke burushi, ya shafa fatiha, muka shafa tare da shi. Ya ce, to, yau dai ya samu jana'izar.

Aka kafa allon, aka yi biki, kowa ya ce malfar ta yi kyau. Ba a jima ba ni kuma ƙafata ta fara ƙaiƙayi, na bi wani kamyo zuwa kudu. Ina Abijan na ji rasuwar Maigida, yaron nan ko wayo bai gama yi ba. Babarbare ma ya koma ƙasarsu, ban sake jin wanda ya kira ni bawansa da daɗin da shi yake kira ba.

Sai da furfura ta cika mani kai na koma Gazawa. Buronmu ya zama wurin gyaran babur. Na yi tambaya har aka kai ni gidan ɗan Maigida, magidanci da 'ya'yansa. Da ya ji ko ni wane ne, ya rasa inda zai sa ni. Bayan mun sha fura ya ce akwai aikin babansa guda da ya rage, innarsa ce ta sa aka ɗauko lokacin da aka rufe siton. Yana bayan gida, an tare wa awaki iska da shi. Ya ce abin mamaki, shekarun nan wani mutum yana ta fitowa daga cikinsa, har yara na tsoron zuwa wurin.

Muka zagaya. Tutar ta koɗe, rubutuna tsatsa ta cinye rabinsa. Malfar kuwa ta ɓare ta zube, saura ɗan gefe-gefe. Ga dattijon nan yana kallonmu, girarsa a ɗage, tsagarsa ɗaya bayan ɗaya kamar jiya aka yi. Na dubi allon, na dubi mutumin da ke tsaye kusa da ni. Goshin ɗaya ne.

Ya tambaye ni ko na san shi. Na ce masa, "Sunansa kake amsawa."

Ya sake duban allon. Sannan ya kira babban ɗansa, suka kwance igiyoyin, suka ɗauki faifan su biyu suka shiga da shi zaure, awaki na bin su da kallo.

Har yau ban sani ba ko Maigida ya ture yashin ne don ba zai iya kankare fuskar ubansa ba, ko kuwa lissafi ya yi irin na mai sana'a, ya bar wa rana da ruwa saƙo su kai wa jaririn da ke cikin zanen goyo. Na so in tambaye shi, na yi ta cewa sai na dawo. Abin da na koya dai shi ne, in zamani ya tilasta maka ka kawar da abin da kake ƙauna, to ka rufe shi da hannu mai taushi, kada ka kankare. Zamani fenti ne na sama, yana ɓarewa. Wanda zai zo neman abin da ke ƙasa, wataƙila yanzu yana goye a bayan uwarsa.