Memorin da Kaka Take Ciki

Duk al'ummar da ta ɓatar da tarihinta takan ɗora laifin a kan gobara, ko gara, ko Turawa. Mu a gidanmu ba mu wahala wajen bincike ba. Ni ce.

Jiya a cikin keke, hanyar Kwangila, wayar wata yarinya ta ɗauki kiɗan Koriya, sai na toshe kunnuwana. Bari in gaya maka dalili.

Ina aji uku na sakandare lokacin da waƙoƙin nan suka shigo Tudun Wada. Ba mu san ko kalma ɗaya ba, amma mun haddace su fiye da jadawalin sau. Kakata, mahaifiyar babanmu, ta taɓa leƙa hoton mawaƙan ta ce, "Ƙawata, waɗannan maza ne ko mata? Allah Ya ba su lafiya, ba sa cin tuwo."

Ita ma mawaƙiya ce, ta bakin turmi. Tana da waƙar daka mai tsawo wadda ta jero iyayenta da garuruwan da suka baro kafin su sauka Zariya. Wata damina, ana yayyafi, gidan duk ƙamshin dafaffiyar masara, baffana ya zaunar da ita ya ɗauki muryarta a waya. Da zai koma wurin aiki ya zare memorin ya ba ni ajiya, wai ni ce mai hankali.

Ranar Asabar na kai shi shagon mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa. Ya duba kwamfutarsa ya ce, "Hajiya ƙarama, ya cika fa. Wata tsohuwa ce ta cinye wurin. In goge?"

Ban ma yi dogon tunani ba. Na ce a raina, ai Kaka tana gida, kullum sai ta rera. Na ce ya goge, ya sa mini na Koriya.

Bayan kwana biyu ta kira ni. "Zo ki kunna mini ni, in ji ko na iya."

Na ce caji ya ƙare. Ta ce to, idan an kawo wuta. Sau uku tana tambaya, sau uku wuta ba ta zo ba. Kafin lokacin girbi ya kama, ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

Yanzu ni malamar tarihi ce. Ina koya wa yara muhimmancin adana abin da tsofaffi suka faɗa, suna rubutawa, ina ba su maki. Na bi gwaggonnina ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tuna amshi kawai.

Waƙoƙin da na sa a madadinta kuwa suna nan a intanet, kyauta.