Daga Kumasi Zuwa Zariya Da Ƙwaƙwalwar Tumaki

An kore mu daga Kumasi a ƙarshen azumin bara. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Ni Mamman Dosso, tun ina saurayi nake fawa a garin, ba wanda ya taɓa tambayata takarda, don haka ban nema ba. Na ji ana wata magana a kaina a Zongon Kumasi. Ga yadda tafiyar ta kasance, kowa ya ji.

Kumasi

Bayan sahur muka tashi daga Asawase, a babbar motar goro. Direbanmu Kwame, Ba'asante, ya iya Hausa fiye da wasu 'ya'yanmu. Kayana wuƙaƙe, tabarma, bargo da buta. Sauran na bar wa maƙwabta.

Dakta Bashiru na cikin motar. Kun san shi, ɗan Hajiya Azumi mai koko, wanda ya yi karatu a Turai ya dawo jami'a yana binciken ƙwaƙwalwa. Shi da ya so da an ba shi takarda. Uwarsa ce aka hana, ya ce ba zai zauna ita tana kan hanya ba, ya nemi aiki a Zariya. Ni nake kai masa kawunan tumaki masu ciwon juwa, waɗanda ke ta zagaye wuri ɗaya har su faɗi. Sai ya ciro ƙwaƙwalwar ya jiƙa cikin wani magani a kwalba, daga baya ya yanka ta siriri ya duba a madubin likita, wai yana kallon ƙananan ƙwayoyi da jijiyoyin da ciwon ke kashewa. Aikin shekaru ne, bai gama ba, kuma duk yana cikin akwatin katako ɗaya.

Mutane sun ɗauko keken ɗinki, tukwane, wani har da ƙyauren ɗakinsa. Dakta ya bar gadonsa da rediyonsa ya rungumo abin da mu muke sayarwa a haɗa da kai da ƙafa. Na gaya masa haka. Ya ce na sani ai, Baba Mamman, amma ka riƙe wancan gefen.

Atebubu zuwa Yeji

Mun wuce Tafo gari na wayewa. Bayan Atebubu motar ta faɗa wani rami. Can sai ido ya fara yi wa kowa yaji, yara suna tari. Dakta ya buɗe akwati, ya tarar kwalba uku sun tsage, maganin ya tsiyaye. Ya ce in suka bushe shi ke nan, kuma cikinsu akwai wadda ya fi bukata. Ya juye su a wasu kwalaben da babu kome, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya zauna kamar mai jinya.

A Yeji, bakin kogi, muka tarar da motoci jere suna jiran jirgin fito, an ce sai gobe. Dakta ya ja ni gefe. Ya ce maganin babu shi a nan, amma barasa mai ƙarfi za ta riƙe su har mu isa, kuma masuntan bakin ruwa suna dafa irinta, wadda suke kira apeteshi. Na ce to je ka. Ya dubi inda uwarsa take zaune tana jan carbi, ya dube ni.

Na je. Na ga yunwa, na ga annoba, na binne mutane da hannuna, sayen giya da azumi a baki ne kawai ban taɓa ba. Matar da ke sayarwa ta dubi gemuna ta dubi hulata, ta ce ba ta ba da kwalba, kowa da mazubinsa. Abin da ke hannuna buta ce. Ta cika ta.

Na dawo na tarar Dakta ya kai uwarsa wajen mata. Na ajiye butar a gindin taya na tafi kiransa. To kun san halinmu a kan hanya: buta ba ta da mai ita, wanda ya gani ya ɗauka. An kira magariba. Malam Sule na Buokrom, wanda shi ke ja mana salla, ya sha ruwa da dabino, ya miƙa hannu ya ɗauki wadda ta fi kusa. Mura yake yi, hancinsa a toshe. Ya wanke hannu bai ji kome ba. A kurkurar baki ne ya ji.

Ban taɓa ganin dattijo ya yi tofi mai nisa haka ba. Da ya samu numfashi ya tambayi butar wa ce. Kowa ya san ta, hannunta da waya na ɗaure.

Bayan salla aka taru. Na ce ba sha zan yi ba, ban ƙara kome ba. Dakta ya ce shi ya aike ni, ya buɗe akwati ya nuna. Abin ya ƙara lalacewa. Mutane suka ce ashe giya da tsafi muka ɗauko, muna neman Allah ya tsallakar da mu ruwa. Wasu samari biyu suka kama akwatin za su kai kogi. Hajiya Azumi ta tashi ta zauna a kai. Mace ce mai jiki.

Malam Sule, yana ta goge harshe da rawani, ya tambayi Dakta amfanin wannan ƙazanta. Dakta ya ce abin da ya gani yakan rubuta, a buga, masu bincike a wasu ƙasashe su karanta. In ɗaya daga cikinsu ya yi nasa aikin ya dogara da nasa, dole ya ambaci sunansa, kuma da yawan masu ambaton ake sanin ko aikin mutum ya yi amfani. Na ce ashe roƙo ne, sai dai maroƙan ba a ba su kome. Ba wanda ya yi dariya sai Kwame.

Malam ya ce:

"Wato an karɓo daga wane, shi kuma daga wane."

"Haka ne, Allah gafarta malam."

"Kai ana karɓa daga gare ka?"

"Kaɗan. In na gama wannan za su ƙaru."

"In ka yi ƙarya fa?"

"Wani zai sake aikin ya tona ni, da sunana."

Malam ya ce to wannan ilimi ne, ko da yana wari, ba za a zuba shi a kogi ba. Amma akwatin ba zai zauna inda ake salla da cin abinci ba. Akwati ya hau saman kaya, mai buta kuma ya hau tare da shi.

Salaga, Tamale, Bawku

Dakta ya cika kwalabensa uku. Washegari da hantsi muka ƙetare. Daga nan a sama na yi tafiyar, akwati tsakanin ƙafafuna, rana a ka. Duk ramin da Kwame zai shiga sai ya leƙo ya ce, Baba, riƙe 'ya'yanka.

A Salaga muka sha ruwa da dokunu, wato tuwon masararsu, da kifi. A Tamale muka kwana a zauren wani mai goro. Motar da ta riga mu ƙetarewa ta riga mu da labari. Mai gidan ya ba kowa buta ban da ni, ni ya sa aka zuba mini ruwa a hannu.

A kan iyaka bayan Bawku wani ma'aikaci ya hau ya buɗe kwalba ɗaya, ya tambaya ko ta mutum ce. Na ce ta tunkiya ce, ni na yanka. Ya sunsuna ta biyu, wadda ke da apeteshi, ya daɗe yana sunsunawa. Ya ce ɓarna dai ba kyau. Ya rufe ya ce mu wuce.

Fada Ngurma zuwa Yamai

Salla ta same mu a Fada Ngurma. Muka yi idi a fili da tufafin da muka baro gida da su. Hajiya Azumi ta dama koko a tukunyar aro ta raba wa motar duka, nawa ta miƙo mini sama da kanta. Wata tsohuwa ta rasu kafin Yamai, muka tsaya muka binne ta a bakin hanya.

A Yamai motar ta watse, Kwame ya juya. Malam Sule ya nufi Tawa. Da za mu rabu ya kama hannuna ya ce ya yafe, amma har yanzu in ya yi gyatsa yana tuna ni.

Dosso zuwa Zariya

Daga Yamai ni da Dakta da uwarsa muka hau wata motar. A Dosso na sauka na nemi namu. Gidan yana nan, mutanen ciki ban san su ba, su ma ba su san ni ba. Na koma tasha, motar ba ta tashi ba. Dakta ya matsa ya ba ni wuri, wannan karon a ciki. Muka bi Birnin Ƙonni, Sakkwato, Gusau, muka shiga Zariya da la'asar.

Da ya samu ɗaki da kayan aiki ya yanka guda ukun nan. Ɗaya ta lalace. Biyu sun ɗan ƙanƙance amma ana ganin abin da ake nema, har da wadda ya fi bukata. Ya gama rubutun da damina ya aika, an amsa za a buga. Yanzu kullum yana jiran mai kawo wasiƙa ya ji wa ya ambace shi. Ni kuwa da na je gaida sarkin fawa, kafin in faɗi sunana ya matso kusa da bakina ya ja numfashi.

Ya ba ni teburi duk da haka. Ina Tudun Wada ta Zariya, ina fawa, ina kai wa Dakta kawuna. Na gode wa Allah da ya kawo mu, na gode wa waɗanda suka ɗauke mana kaya zuwa tasha. Wanda hanya ta kai shi maƙabartar Tafo, matata Hadiza tana kusa da katangar gabas. A cire mata ciyawa.