Ranar da Sabon Babur Ɗin Yayana Ya Watsa Ƙauye

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta su, amma ranar da muka je yi wa sabon babur ɗin yayana kaya, ita kam za ni shiga kabari da ita.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare a Isa ba. Yayana yana fatauci, yana kai kaya ƙetaren iyaka yana sayo wasu. Ya daɗe yana wahala a bayan baburan mutane kafin Allah ya hore masa nasa, babba, irin na doguwar tafiya. Da damina ne, gero ya fi tsayin mutum. Ya ce in raka shi Sabon Birni a gyara babur ɗin, daga nan mu wuce Gangara mu gaida gwaggonmu da ba ta da lafiya.

A rumfar bakanike muka yini. Duk abin da Yaya ya zaɓa yana da dalili. Ya sa aka naɗe tankin da baƙar robar taya don kada ƙaya ta karce shi. Aka ƙara tsawon sirdin, aka canza shokozoba saboda nauyin buhuna, aka ɗaura ƙarfen rataya jarkar mai a gefe, don hanyar da yake bi ba gidan mai. Madubai kuwa ya ce a kwance su.

"Yaya, babur ba madubi?" na ce.

"Ke dai kallon fuska taki kike so," ya ce yana dariya. "Reshe guda ya isa ya karya su. Ajiye mini a jaka."

Sai bakaniken ya kawo wata salansa, ya ce tana ƙara wa inji numfashi a cikin yashi. Da aka tada shi, ƙarar har cikin haƙorana. Yaya ya yi murmushi kamar yaron da aka ba alewa. Lambar babur ɗin kuma ba ta fito ba tukuna. Da za mu tashi ya naɗa rawani ya rufe hanci da baki saboda ƙwarin damina, ya sa baƙin gilashi. Wallahi dukanmu a rumfar nan ba wanda ya ja baya ya dube shi daga nesa.

Bayan la'asar muka bar titi muka shiga hanyar gonaki wajen Kurawa. Muna dosar wani ƙaramin ƙauye, wanda ba za ni faɗi sunansa ba, sai na ga mata suna watsar da bokitai a bakin rijiya suna gudu. Wata ta fizgi ɗanta da hannu ɗaya ta faɗa cikin gero. Na ji ana ihu, "Ga su nan! Sun zo!" Na juya a firgice ina neman ɓarayin dajin da suka biyo mu. Ba kowa a bayanmu. Mu ne ake gudu.

Yaya bai gama taka birki ba samari suka fito daga cikin gero da sanduna da adduna, biyu da bindigar toka. Suka jawo shi ƙasa, suka tuge rawanin. Sanda ta sauka a kafaɗarsa, na ji ƙarar kamar an fasa ice. Wani ya kwance jarkar manmu yana cewa a ƙone babur da mai shi.

"Ɗan leƙen asiri ne! Ku dubi mashin ɗin, irin nasu ne sak!"

Ban san lokacin da na faɗa kan Yaya na rungume shi ba. Ina kuka ina cewa, "Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya! Gangara za mu, wurin gwaggonmu!" Wani dattijo mai carbi ya ɗaga hannu, suka ɗan ja baya.

"Ke ɗiyar wa ce?" ya tambaye ni. "Wa kika sani Gangara?"

Na faɗi sunan mijin gwaggo, wanda muke kira Kawu, da sana'arsa ta ƙira. Dattijon ya ce a tafi a zo da shi, in ya shaida mu shi ke nan, in bai shaida ba shi ba ya da abin cewa.

Wannan jiran shi ne abin da ya fi komai tsawo a rayuwata. Muna durƙushe gindin wata bishiyar bedi, jini na bin hannun rigar Yaya, mai jarkar nan yana tsaye kanmu bai ajiye ta ba. Ina ta tunanin in Kawu ya tafi kasuwa fa? Can gefe aka kwantar da wata tsohuwa da ta faɗi wajen gudu, wuyan hannunta ya karye. Ba ta zage mu ba. Kallonmu kawai take yi, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. A nan na ji cewa ba a daɗe ba da aka shigo musu da irin baburan nan, aka tafi da mutanensu.

Rana ta yi ja kafin Kawu ya iso a kan keke, yana haki. Ya dube mu, ya dubi babur ɗin, ya yi salati.

"Ɗiyanmu ne," ya ce. Sannan ya juya ga Yaya. "Kai wane irin sakarai ne? Ni da na san ka tun kana goye, in na hango ka bisa wanga abu, cikin gero za ni faɗa."

Aka ajiye jarkar. Yaya ya miƙe da ƙyar, ya je ya durƙusa gaban tsohuwar yana ba ta haƙuri. Ya ce ta bari ya kai ta asibitin Sabon Birni yanzu, kafin hannun ya kumbura. Ta dubi babur ɗin, ta girgiza kai.

"Na yahe maka, ɗana," ta ce. "Amma ba ni hawan wanga. Ku ɗauko mini amalanke."

A amalanken shanu aka tafi da ita, mu kuma muka bi ta a ƙasa, Yaya yana tura sabon babur ɗinsa a kashe da hannu ɗaya.

Ban taɓa iya jin haushin mutanen nan ba. Ni ma yau in na ji ƙarar babur daga nesa, mayafina nake fara nema da hanyar gudu. Mun gaji, dukanmu. Abin da na koya shi ne, a ƙasar da tsoro ya zauna, bai isa ka tambayi amfanin abu a wurinka ba. Sai ka fara tambayar kanka me uwar da ke bakin rijiya za ta gani in ta hango ka tafe.