Naman Tarbar Sabon Shugaba

Jama'a, yau saura ƙiris in rasa aikina na gadin daji, amma har yanzu dariya nake yi.

Sabon shugabanmu na gandun daji ya iso garin Doguwa da hantsi a motar hukumar En'e, kuma ni aka ɗora wa tarbarsa. Na ce wa mutanen gari su fid da mu kunya. Aka kawo tuwon dawa da nama. Ya ci, ya ƙara, yana ta santi. Yana gaigayar ƙashi ya fara gargaɗi: daga yau duk wanda ya harbi dabba a gandun nan, sai gaban alƙali.

Sarkin Baka, shugaban maharba, ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Yaya ka ji barewar?"

"Wace barewa?"

"Wadda ka ci. Da asuba na harbo ta a dajinka. Ai babban baƙo ya wuce a yanka masa kaza."

Shugaba ya dubi ƙashin, ya dube ni, sai ya tuntsire da dariya, ya ce mini:

"To Malam Ilu, wa za ka fara kamawa, shi ko ni?"