Manta-uwa a Bayan Ɗakin Kakata

Shekaranjiya jikata ta shigo da wani fure ruwan ɗorawa mai ɗigo-ɗigo kamar jikin damisa, wai a gindin giginya ta tsinta. Tun ban karɓa ba ƙamshinsa ya gaya mini manta-uwa ne. Sai ga ni a Ruma, a tsakar gidan kakata, tun Nasara ba su shigo Katsina ba.

In ba ka san manta-uwa ba, tsiro ne da ba ruwansa da ƙasa. A wuyan giginya yake zama, fararen saiwoyinsa su yi cirko-cirko sama kamar kwando, suna tare busasshen ganye da ruwan sama. Jikinsa gaɓa-gaɓa ne irin na rake, kuma sai rani ya yi nisa, komai ya bushe, sannan shi yake fure. Kaka ta sa wani maharbi ya ɓamɓaro mata shi daga daji, ta ɗaure da igiyar rama a kututturen giginya bayan ɗakinta, inda tsamiya ke tare masa zafin rana. Ƙasari take yayyafa masa kaɗan-kaɗan, don in ruwa ya kwanta masa ruɓewa yake yi. Duk yaron da za a yaye a unguwar, ita ke yanka gaɓa ɗaya ta jiƙa, a dama masa a kunu don ya daina kukan uwa.

Ni ma haka aka yi mini. Ni ce 'yar fari, aka kawo ni yaye daga Yasore, ba a kuma mayar da ni ba. Tabarmar kaka tawa ce, ƙanzon tukunyarta nawa ne, ba mai raba ni da su.

Kwatsam aka kawo ƙanena yaye, wani ƙaton kai mai majina. Kaka ta ce ga angonta ya iso, ta goya shi, ƙanzo ya koma hannunsa, ni kuma aka tura ni bakin tabarma. Kishi ya ci ni ƙwarai. Ranar da na ga ta yanka masa manta-uwa, na lissafa cewa in ya manta inna, ya zauna ke nan kamar yadda na zauna. Sai na riƙa jan shi bayan rumbu ina yi masa tuni: ina inna, inna na Yasore, inna na zuwa. Ni da ko muryarta ban gama sani ba.

Gab da saukar damina inna ta zo ɗaukarsa. Yana ganinta ya ƙwace ya rungume ƙafarta. Ni ko kallona ba ta yi ba, saboda kunyar ɗan fari. Abin da kawai ta ce wa kaka shi ne yarinyar nan ta yi tsawo. Ta goya shi suka kama hanya. Abin da na roƙa ne na samu, amma wani kishin ya taso wanda ya fi na farko ciwo. Na sami kaka tana tankaɗe, na ce ta ƙara jiƙa mini, nawa ya sake ni.

Ta ɗago ta ce, "Ke da kika sha, barcinki kika yi. Uwarki ce ta biyo sawu tana kuka, wai in jiƙa mata ita ma. Na ce mata wannan na ɗiya ne, ba a yi na uwa ba."

Yau giginyoyin Ruma sun tafi a azara, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga manta-uwa ba, matan yanzu kuma da yawa a ɗakinsu suke yaye. Inna ta daɗe da rasuwa, ƙanen nan nawa furfura ta cika masa kai. Amma har gobe in ya zo gaishe ni, goyon nan nake hangowa yana nisa a hanyar Yasore, kuma haushinsa bai sake ni ba.